Neman Kwangilar Manhaja a Birtaniya Ba Tare da Dillali Ba

Duk wanda ya taɓa kai rago kara ya san aikin dillali: shi ya san mai saye, shi ke tsayawa har ciniki ya faɗa, sannan ya ciri la'adarsa. Kamfanonin da ke samo wa mutane aiki a Birtaniya haka suke. Mai aiki ya biya su kuɗin yininka, su zare nasu, su miƙo maka saura, sau da yawa ba ka ma san nawa aka biya a kanka ba. Ba laifi ka so tsallake su, amma ka san nauyin da suke ɗauke maka: su ke tsaya maka a gaban wanda bai san ka ba, su ke bin kuɗin. In ka cire dillali, duka biyun sun dawo wuyanka.

Kafin komai, ɗan'uwa, duba bizarka. Bizar ɗalibi ta hana mutum yin aikin kansa, ko da 'yar manhaja ce ta fam ɗari. Bizar Skilled Worker, wato ta ƙwararren ma'aikaci, ta ɗaure ka da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Masu bizar Graduate, ta waɗanda suka kammala karatu a Birtaniya, da ta Global Talent, ta waɗanda suka yi fice a fanninsu, su ne ke da sarari. Kada kwaɗayin kwangilar wata ɗaya ya ja maka asarar zama.

Manyan bankunan Landan ba wurinka ba ne tukuna. Suna da jerin dillalan da suka amince da su, mutum ɗaya ba ya ratsawa. Ka nufi ƙananan kamfanoni, inda mai kamfanin shi ke amsa imel da kansa: masu sayar da kaya ta intanet, ƙananan kamfanonin zana shafuka da aiki ya yi wa yawa, sababbin kamfanoni a Manchester ko Leeds. Irin waɗannan ba takardar tarihin aiki suke karantawa ba, wanda ya turo ka suke tambaya. Don haka tsohon ogan da ka yi wa aiki, ko da daga Kano ko Abuja ne, ka roƙe shi ya rubuta maka shaida a LinkedIn. Ka riƙa zuwa tarukan masu shirya manhaja na yamma, ka yi ta zuwa har a san fuskarka. In za ka rubuta wa wani, kada ka jero yarukan kwamfuta goma da ka iya. Nuna masa abin da ka gani ya lalace a shafinsa, da kwanakin da gyaran zai ci.

Akwai kuma dokar harajin da ake kira IR35, wadda ke tantance ko ɗan kwangila ne kai da gaske ko ma'aikaci ne da ya sake riga. Tun Afrilun 2021, manya da matsakaitan kamfanoni ne ke yanke wannan hukunci. In ƙaramin kamfani ne ya ba ka aikin, alhakin yana kan kamfaninka da ka yi wa rajista a Companies House, ofishin rajistar kamfanoni na Birtaniya. 'Yanci ne, amma in ka yi kuskure kai hukumar haraji ta HMRC za ta nema. Nemi akanta tun da wuri. Rajistar VAT ba ta zama dole sai cinikinka ya haura fam 90,000 a shekara.

Maganar kuɗi ita ce inda mu Hausawa muke faɗuwa, saboda kunya. Bature ba ya jin nauyin faɗar farashi, kai ma kada ka ji. A rubuta komai: aikin, ranar biya, da wanda zai mallaki manhajar bayan an gama. Karɓi kafin alƙalami daga duk wanda ba ku taɓa ciniki ba. In ba a sa ranar biya ba, wata doka ta 1998 ta ba mai aikin kwana 30, bayan nan ta ba ka damar ɗora ruwa na kashi 8 cikin ɗari a kan na Babban Bankin Ingila. Da yawanmu ba za mu taɓa kuɗin ruwa ba. Ni dai abin da nake yi shi ne raba aikin gida uku, ba na taɓa na biyu sai kuɗin na farko sun shigo asusu.