Yadda ake zaɓen amfilifayar gida mai kyan sauti ba tare da ka ƙona sifikarka ba

Kusan duk wanda ya zo yana tambayata wace amfilifaya zai saya, abin da yake fara faɗa shi ne yawan wat. Wannan ya ce ya ga mai wat 3000 da araha, wancan ya ce ta maƙwabcinsa 5000 ce. Bayan wata biyu ko uku sai ka gan shi rungume da sifika mai warin ƙuna, yana cigiyar wanda zai naɗa mata sabon kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kuɗin da mutum ya daɗe yana tarawa ne yake tafiya a banza, alhali da minti goma sha biyar na gwaji a shago da an tsira.

Amfilifayar da nake magana a kanta ita ce mai ƙarfafa sauti zalla, mai hanya biyu, hagu da dama. Da yawa daga cikinsu ko maɓallin ƙara murya ba su da shi, sai ka haɗa su da firi'am ko miksa, na'urorin da ke sarrafa sauti kafin ya shigo amfilifaya. Idan taka mai komai a haɗe ce, duk abin da zan faɗa ya shafe ta ita ma.

Ka fara da sifikarka, kafin ka taka kasuwa. Juya bayanta ka rubuta lamba biyu. Ta farko ita ce om, wato awon yadda sifika ke tare wutar da ke ratsa ta, yawanci 4, 6 ko 8. Ta biyu ita ce kaifin jinta, wanda ake rubutawa da desibel, galibi tsakanin 85 da 90 a sifikokin gida. Wannan lamba ta biyu ce mutane ba sa kallo, kuma ita ce ke gaya maka ƙarfin da kake buƙata. Duk lokacin da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Saboda haka sifika mai desibel 90 a kan amfilifaya mai wat 30 za ta yi ƙara daidai da mai desibel 87 a kan wat 60. A falo na gida irin namu, wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowace hanya sun isa, har da saura. Amfilifayar NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda masu son sauti ke yabo har yau, wat 20 ne kawai aka rubuta mata a kowace hanya.

Na ce wat na gaskiya, domin wanda ke jikin kwali ba shi ba ne. Idan ka ga haruffan PMPO kusa da lambar, ka ɗauke kai, ba awo ba ne da ke da ƙa'ida ɗaya, kowane kamfani yana ƙirga shi yadda ya so. Abin da za ka nema shi ne RMS, wato ƙarfin da take bayarwa ba tsayawa, a kan om 8, hanyoyi biyu suna aiki tare. Zuƙi-ta-mallen da ake yi a kan wat ya daɗe: tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka cewa dole a riƙa bayyana ƙarfin da amfilifaya za ta iya bayarwa ba tsayawa. Amma kayan da ke shigowa kasuwanninmu ba duka ne suka bi ta wannan ƙofar ba. Don haka ka yi lissafinka da kanka. Kusa da inda igiyar wuta ke shiga akwai rubutun wutar da take ci, akwai kuma girman fis. Na'ura ba ta ba da abin da ya fi wanda ta ci. Fis mai amfiya 1 a wutar 230 yana nufin wat 230 ne iyakar abin da zai iya shiga, kuma tsohuwar amfilifaya mai aji AB, wato tsarin da aka saba ƙera su da shi, kusan rabin wannan zafi yake zama. To ina wat 3000 zai fito? Ka ɗaga ta ka ji. Idan mai aji AB ce kuma ba ta da nauyi, taransfomanta ƙarami ne, ka ajiye musu kayansu. Wannan hukuncin nauyi bai hau kan masu aji D ba, wato sabon tsarin da ba ya ɗaukar zafi sosai, zan dawo kansu.

Tun kana bayanta, ka dubi wutar shiga. Wutarmu 230 ce. Kayan gwanjo da ake saukewa a Alaba ta Legas su bazu zuwa Sabon Gari a Kano da sauran kasuwanni gauraye suke: na Turai 220 zuwa 240, na Amurka 120, na Japan 100. Wasu suna da ɗan maɓallin sauya wuta a baya, ka tabbata yana kan 220 ko 240. Idan babu shi kuma 100 ko 120 aka rubuta, sai da taransfoman rage wuta, kuma ka sa kuɗinsa a cikin lissafin ciniki, domin wanda zai ɗauki amfilifaya ba ɗan ƙaramin nan ba ne na aski. Ni ƙa'idata ya ninka abin da amfilifayar ke ci sau biyu. Ka kuma lura, galibin waɗanda ake sayarwa 110 suke fitarwa, na'urar Japan mai 100 za ta yi aiki amma za ta riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda aka tsara mata. Idan da zaɓi, ka ɗauki ta Turai ka huta.

Yanzu ga matakin da ya sa na zauna na rubuta wannan. Kada ka yarda a jona sifika a amfilifayar da ba ka sani ba sai ka auna bakinta, inda ake jona sifika, da mitar auna wuta.

Na taɓa sayen wata amfilifayar gwanjo a wani shago. An kunna mini ita a kan manyan sifikokin shagon, ta yi ƙara, na biya na tafi. A gida na jona mata sifikokin da na shekara ina adanawa. Da na kunna sai na ji wata ƙara mai nauyi daga ta hagu, na ga fatar wufa, wato babbar sifikar bes, ta turo waje ta tsaya a haka. Kiɗa na tashi, don haka ban kashe ba. Kafin a yi nisa wari ya cika ɗakin, kwayil ya tafi. Da mai gyara ya ɗora mita, sai ga tsayayyar wuta ta volt da yawa tana fita ta hanyar hagu. Taransista ɗaya ce ta sami matsala, rile ɗin kariya kuma, wato makunnin da ke yanke sifika idan an sami matsala, wani ya riga ya tsallake shi da waya don kada ya riƙa yankewa. Sifikokin shago manya ne, sun jure na 'yan mintoci. Nawa ba su jure ba.

Abin da ke faruwa shi ne, sauti wuta ce mai kai da komo, tana tura fatar sifika gaba ta dawo da ita baya, kuma wannan motsin yana taimaka wa kwayil ya sha iska. Tsayayyar wuta kuwa, wadda ake rubutawa DC, tana ture fatar gefe ɗaya ta riƙe, kwayil ya yi ta gasuwa a wuri guda. Lafiyayyiyar amfilifaya kusan sifili take fitarwa idan ba a saka mata komai ba.

Ga yadda za ka auna. Ka tafi da mitarka, irin mai allon lambobi da masu gyaran rediyo ke amfani da ita. Idan ba ka da ita ka ara. Ka ce a cire sifikoki, a cire duk wata waya ta shigar sauti, a mayar da maɓallin murya ƙasa. A kunna. Ka kasa kunne: bayan daƙiƙa kaɗan za ka ji ƙas, wato rile ɗin kariya ya kama. Idan amfilifayar babba ce kuma ba ka ji wannan ƙas ɗin ba, ka tambayi dalili, ka ma nemi a buɗe ka gani. Ka bar ta ta yi minti goma a kunne, domin wata sai ta ɗau ɗumi halinta yake fitowa. Mai shago zai ƙosa, ka yi haƙuri da shi, amma kada ka rage lokacin. Sannan ka juya mita zuwa DC. Ka fara daga ma'aunin volt 20, idan ka ga kusan sifili sai ka sauko ma'aunin milivolt 200. Jar sanda a jan baki, baƙa a baƙin baki na hanyar hagu, ka karanta, ka koma dama. Idan akwai maɓallin zaɓen sifika A ko B, ka tabbata wanda kake aunawa shi ne a kunne, in ba haka ba mita za ta nuna maka sifili na ƙarya. Nan ne na ga mutane da yawa sun ruɗu.

Ƙasa da milivolt 30, madalla. Tsakanin 30 da 100, za ta yi aiki, amma tana neman mai gyara ya saita ta, kuma wannan dalili ne na neman ragi. Sama da 100, ni ba na saye sai in mai gyara na tsaye a gefena. Idan kuwa ka ga volt ɗaya ko fiye, ka kashe ka tafi, ko kyauta aka ba ka kada ka jona mata sifika. Lambar da ke yawo sama da ƙasa ba ta tsayawa ita ma alamar ciwo ce. Kuma ka kiyaye kada sandunan biyu su haɗu da juna a kan bakin, gajeriyar haɗuwa ɗaya tana iya kashe taransistocin fita.

Idan ta ci wannan jarrabawa, a buɗe murfi in mai kaya ya yarda, amma a cire ta daga wuta kuma kada ka sa hannu, manyan kafasitoci, gwangwanayen nan da ke tara wuta a cikinta, suna riƙe wuta bayan an kashe. Ido kawai za ka sa. Kafasitar da kanta ya kumbura ko ta yi yoyo ta gama aiki. Tsofaffin Sansui, Pioneer, Kenwood, Technics da Yamaha na shekarun 1970 da 1980 an yi su da inganci, amma kafasita tana bushewa da shekaru, zafinmu kuma yana gaggauta mata.

Sai saurare. Kada ka bar mai shago ya zaɓa maka abin da za a saka, zai sa mai bugun ƙirji ya ƙure bes, kuma a haka kowace amfilifaya gwana ce. Ka mayar da bes da tirebul tsakiya, ka kashe maɓallin da ke ƙara kauri, ka saka abin da kunnenka ya sani sarai. Ni muryar mutum nake fara sakawa, karatu ko waƙa mara kayan kiɗa da yawa, domin kunne ba ya ruɗuwa a kan murya. Ya kamata ka ji ta a tsakiya, tsakanin sifikokin biyu, kamar mutum na zaune a wurin. Sannan kalangu, ka ji ko bugun yana tsayawa cak ko yana jan wutsiya. Sannan goge ko kukuma, ka ji ko saman sautin yana da daɗi ko yana soke kunne. Daga nan ka tsayar da kiɗan ka kai kunne jikin sifika. Ɗan huci kaɗan ba laifi. Gurnani mai kauri kuwa yawanci kafasitocin wuta ne ke kuka.

Ka ƙara murya sannu a hankali har inda sautin zai fara kaushi, ka lura da wurin, ka rage nan take. Wannan kaushin shi ne iyakarta. Mutane sun ɗauka babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona sifika. Ƙarama da aka matsa wa ta wuce iyakarta tana yanke kawunan sautin, ta aika wa tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, ƙarfin da ba a yi ta dominsa ba, kuma haka yawancin tuwitocin da na gani suka mutu.

A batun kuɗi, ra'ayina ba ya canzawa: kashi mafi tsoka na sifika ne. Amfilifaya biyu lafiyayyu da ba a matsa musu ba, bambancinsu a kunne kaɗan ne, amma sifika biyu bambancinsu kamar dare da rana. Idan aljihu ya yi sanyi, ƙananan amfilifayoyin aji D ba abin raini ba ne. Da yawa suna amfani da ɗan guntun lantarki mai suna TPA3116 na kamfanin Texas Instruments, wanda aka tsara ya ba da wat 50 a kowace hanya a kan om 4 idan an ba shi wuta kusan volt 21. Ba sa zafi sosai, kusan kashi 90 cikin 100 na abin da suka ci yana zuwa sifika, kuma suna tafiya da batirin sola, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai fama da ɗaukewar wuta. Sai dai idan ka ba su volt 12, abin da za ka samu a sifika mai om 8 bai wuce wat 9 ba, ko me aka rubuta a kwali. Ka sayi adafta mai kyau ta volt 19 zuwa 24 idan amfilifayar ta amince da haka. Kada kuma ka haɗa baƙaƙen bakunan fitarsu wuri ɗaya ko ka taɓa su da jikin ƙarfe, ba kamar na tsofaffi suke ba.

Haɗawa a gida ba ta da wuya. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a duka sifikokin, idan ka juya ɗaya bes zai ɓace. Wayar jan ƙarfe mai kauri ta isa, ba sai mai tsada ba, ka dai murɗe bakinta kada silli ɗaya ya tsallaka. Kada ka rataya sifika biyu masu om 4 a hanya ɗaya, sun koma om 2 ke nan. Ka bar mata sarari a sama ta sha iska, kada ka ɗora dikoda ko ƙyalle a kanta tana aiki, ka rufe ta idan ta huce saboda ƙurar hunturu. Ka sa mata sitabilaiza, kuma idan an tayar da janareta ka jira ya daidaita kafin ka kunna. Ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa, da murya a ƙasa.