Yadda ɗalibin dizain zai haɗa fotfoliyo da sunan sana'a tun bai bar makaranta ba

Ba zan tsaya koya ma kowa CorelDRAW ko Photoshop a nan ba, tunda har kana maganar fotfoliyo, wato zaɓaɓɓun ayyukanka da za ka riƙa nunawa, na ɗauka hannunka ya riga ya faɗa. Ko kana Poli ta Umaru Ali Shinkafi, ko Danfodiyo, ko kwalejin Shehu Shagari, ko ma a waya ka koya da PixelLab da Canva, maganar ɗaya ce, ranar da ka je neman SIWES, wato wurin koyon aiki da makaranta ke tura ɗalibai, ko neman aiki a shagon firintin ba wanda zai fara tambayarka sakamako, cewa za a yi nuna muna aikinka. To a nan yara ke faɗuwa, yaro ya zaro waya ya shiga galari shina ta gungurawa, ga fulayar biki ga hoton abinci ga sikirinshot ɗin hira da abokai, kafin ya kai ga aikin da shike nema mai shago ya koma kan kwastomansa. Da 'yan'uwa mata nike magana su ma, don dai "ka" ya fi saurin rubutawa.

Mataki na farko: tattara komai

Ka buɗe folda guda ka zuba duk abin da ka taɓa yi, na makaranta, na kuɗi, na kyauta da 'yan gida sunka sa ka dole. Ka ajiye kwafi a Google Drive, suna ba kowane akawun 15GB kyauta, waya na faɗawa ruwa ko a sace ta. Shi ke nan, wanga ba ya buƙatar dogon bayani.

Mataki na biyu: zubarwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kusan kowa ke lalata abin. Yaro shina ganin yawan aiki shi ne ƙwarewa, sai ya kawo maka zane arba'in. Wallahi ba mai lokacin arba'in. Kuma abin da ba su sani ba, mai dubawa ba da mafi kyawun aikinka yake auna ka ba, da mafi muni yake auna ka, don shi ne yake tsoron ka yi ma kwastomansa. Ni ƙa'idata takwas zuwa goma, in sun wuce goma ka rage, in shida kawai gare ka masu kyau ka tsaya ga shidan.

Ka fara cire fulayoyin murnar zagayowar haihuwa da na barka da Juma'a, dukkansu, ko da wanne ka fi so. Ba wai aikin banza ba ne, suna kawo na data, amma kowane yaro mai waya a Mabera da Arkilla shina yin irinsu, ba su nuna komai a kanka. Sannan duk wanda ka ɗauko tamfilet ɗin Canva ka canza suna da hoto kawai ka cire shi, masu shago sun ga tamfilet ɗin nan sau ba adadi, da kallo ɗaya ake gane shi. Haka wanda ka bi darasin YouTube tiryan-tiryan ka yi, na mai darasin ne.

Fastocin siyasa kuma, ka yi su ka karɓi kuɗinka ba wanda ya hana, amma kada su shiga fotfoliyo. Sakkwato kowa ya san kowa, ka sa fastar ɗan takarar wata jam'iyya a shafin farko, wanda za ka nuna mawa wataƙila ɗan ɗaya ɓangaren ne, ya rufe bai ce maka komai ba kuma ba za ka taɓa sanin dalili ba.

Abin da ya rage bayan wagga shara, ka shimfiɗa su gaba ɗaya a allon kwamfuta ka tambayi kanka wane irin kwastoma nike nema. Mutane na ɗauka haɗuwar fotfoliyo ita ce a shafa ma komai kala ɗaya, sai ka ga yaro ya bi duk ayyukansa ya mai da su baƙi da ruwan gwal wai don su yi kama da juna. A'a. Abin da ke haɗa su shi ne mai kallo ya gane mi kake sayarwa. Ka shiga babbar kasuwa ka ga rumfar da anka jera albasa da takalma da maganin sauro da cajar waya, in kana neman takalmi na kirki wurinsa za ka tsaya? To haka fotfoliyon da ke da logo guda, kalandar biki guda, zanen riga guda, katun guda. In masu kayan abinci da ƙananan 'yan kasuwa kake so, sitika da leda da tambari su yi yawa. In makarantu da ƙungiyoyi kake so, ka nuna mujalla, satifiket, littafin taro, abin da zai nuna ka iya jera rubutu mai yawa ba tare da ido ya gaji ba. Ba an ce ka daina karɓar sauran ayyuka ba, ka karɓa mana, ba dai su za ka kafa a gaba ba.

Kuma kada ka ba abokanka su zaɓa maka. Aboki masha Allah zai ce da alamar wuta guda uku, ko mi ka tura. Ka kai ma wanda ke zaune gaban injin firintin kullum, ka ce mishi yallaɓai don Allah wanne za ka cire, kada ka ce wanne ya fi kyau. Za ka ji zafi, akwai wanda ka kwana biyu kana yi zai ce rubutun ba ya karantuwa daga nesa. Ka cire shi. Daren da ka ɓata a kansa ba ya fitowa a takarda.

In ka gama sai jeri, mafi ƙarfi a farko, mai bi mishi a ƙarshe, sauran a tsakiya.

Mataki na uku: aiki guda cikakke

Yawanci bayan zubarwa za ka ga abin ya yi kaɗan, to kada ka koma kwandon shara. Ka nemi mai ƙaramar sana'a guda ka yi mishi komai daga farko har ƙarshe, mai kilishi, mai fura da yogot, ko baduku a Madunka mai jaka da takalmi da filon fata. Tambari, sitika, katin shago, allon ƙofa, hoton da zai riƙa sawa a WhatsApp, duk su fito da murya ɗaya. Wanga aiki ɗaya ya fi fulaya ashirin nauyi. Ko bai biya ba ka ce ya ɗauki kuɗin bugawa kawai, kai kuma ka samu izinin nunawa.

Kala ma ba sai ka je shafin hotuna na Pinterest ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fatake, ita ce anka riƙa tsallaka Sahara da ita har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko, ka je ka kalli ja da kore da rawayar da dukawa ke haɗawa da irin layukan da suke yankawa, ka ɗauki hoto ka ciro kalolinka daga nan. Amma don Allah a bar dagin Arewa ya huta, duk logon da yaro zai yi sai ya liƙa dagi a tsakiya, na gaji da gani.

In akwai rubutun Hausa, ka gwada salon rubutun da ka zaɓa da ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ka yi nisa, da yawa daga cikin masu ƙyalƙyalin nan ba su da su, sai akwati ya fito ko harafin ya yi tsalle zuwa wani salo daban. Noto Sans da Andika suna da su kuma kyauta ne a Google Fonts. In ajami za ka sa, ka kai ma malamin da ya iya ya duba kafin a buga, manhaja na iya wargaza haɗin baƙaƙen kai ba ka lura ba.

Ƙarƙashin kowane aiki ka sa layi biyu ko uku, na wa ne, mi yake buƙata, mi ka yi. In na gwaji ne ba kwastoma, ka rubuta na gwaji ne, ba abin kunya ba ne, a kama ka da ƙarya shi ne matsala.

Mataki na huɗu: ka buga a takarda

Mokof ɗin intanet, wato hoton kwaikwayo da ake ɗora logo a bangon gilashin wani ofishin Turai, kowa ya san ba gaskiya ba ne. Ka buga ko biyu ne daga cikin ayyukanka ka ɗauke su hoto a hannu ko a shagon mai shi. Allon waya da tsarin kala na RGB yake aiki, injin bugawa da na CMYK, shi ya sa shuɗin nan mai haske da koren nan mai ɗaukar ido ke fitowa a dushe, ka canza zuwa CMYK tun kana aiki. Hoto ya zama 300 dpi, wato ma'aunin kaifinsa a takarda, ka bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka, a Corel ka danna Ctrl+Q kan rubutu ya koma zane kafin ka kai fayil don kada kwamfutarsu ta musanya maka salo. Bugun DI, wato bugun kala kai tsaye daga kwamfuta, na A3 guda ba zai karya ka ba, ka jera ƙananan ayyuka da yawa a kai. Hoton kuma ka ɗauke shi da safe ko bayan la'asar, rana tsaka a Sakkwato na ƙone kala a kyamara.

Mataki na biyar: sunanka

Ka yi amfani da sunanka na gaskiya ko wani gajere da mahaifiyarka za ta iya faɗa ma maƙwabciya. Dogayen sunayen turancin nan masu x da z ba mai tuna su. Suna ɗaya a Instagram, Facebook, TikTok da WhatsApp, hoto ɗaya, kala biyu, salon rubutu biyu, ka tsaya a kansu aƙalla shekara, ba duk wata ka sake logo ba. Ka raba lambar aiki da ta hira in da hali, ka sa WhatsApp Business ka cika katalog. Tambarinka a jikin aiki ya zama ƙarami a kusurwa, ba ka shimfiɗa shi a fuskar amarya ba.

Mataki na shida: inda za ka sa

PDF guda, shafi goma sha biyu zuwa sha biyar, kada ya wuce 10MB, Gmail ma 25MB ce iyakarsa kuma ba mai ƙona data don ya ga aikin ɗalibi. A WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ka tura a hoto matse shi suke ya dushe. Ka buɗe Behance, shafin da masu dizain ke nuna ayyukansu, kyauta ne, ka sa cikakken aikin nan na mataki na uku. A Instagram ka yi girman hoto faɗi 1080 tsawo 1350, ka maƙale ukun da sunka fi ƙarfi a saman shafi. Ka ajiye PDF ɗin a cikin wayar kanta saboda ranar da ba netwok, ƙarshen kowane zangon karatu ka sa sabo guda ka cire tsoho guda.