Darasi na 9: Kafso, Mai Ciki da Mai Shayarwa

Antibayotik magani ne mai kashe ƙwayoyin cuta. Ana ba da shi don ciwon sanyi na mafitsara, ciwon huhu, taifot da miki mai ruwa. Ba ya warkar da mura, ba ya warkar da zazzaɓin cizon sauro.

'Yar'uwa, abin da kika haɗiya yana iya isa ga ɗan cikinki ta cibiya. Bayan haihuwa kuma yana bi ta nono.

Antibayotik ɗin da ya fi damunmu shi ne tetrasaikilin, kafson nan ja da rawaya da ake tallarsa a tire cikin kasuwa. Idan mai ciki ta sha shi daga wata na 4 zuwa sama, yana shiga ƙashin yaro da haƙoransa. Haƙoran su fito da launin ƙasa-ƙasa, kuma ba asuwakin da zai goge su. Yaro bai ji ba bai gani ba, ya tashi da tabo a baki saboda maganin da uwa ta saya don ciwon ciki na kwana ɗaya.

Septrin ma a kiyaye shi a watanni 3 na farko da dab da haihuwa, sai in likita ne ya rubuta. Kulorampenikol, shi ma antibayotik ne, bai dace da mai jego ba.

Amma kada tsoro ya hana ki magani. Sanyin mafitsara da aka ƙyale yakan hau ƙoda, ya jawo naƙuda kafin lokaci, a haifi bakwaini. Akwai irinsu amoksisilin da likitoci suka daɗe suna ba masu ciki da masu shayarwa. Idan fitsari na yi miki zafi, je awo a asibitin unguwarku ko Asibitin Maryam Abacha da ke nan Sakkwato, a gwada fitsarin. Abin da aka rubuta miki, ki shanye shi har ranar da aka ce, ko da kin ji sauƙi.

Malam maigida, kai ake yawan aika kemis. Kafin ka miƙa kuɗi ka ce: "Tana da ciki wata kaza," ko "Tana shayarwa."

Mai shayarwa, kada ki cire yaro daga nono don kina shan magani sai in likita ya ce. Idan yaron ya fara gudawa, ko ƙuraje, ko farin abu a harshe, kai shi a duba.

Aikin gida: Ɗauko kwalin magani ɗaya a ɗakinki. Kwafi sunansa, lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa a littafinki, ki kawo aji.