Yadda Ake Binciken Saukar Jini Bayan Allurar Baya a Tiyatar Haihuwa

Ba sai an samu tallafin miliyoyi ake yin binciken da zai amfani ɗakin tiyata ba. Binciken ASOS, kan sakamakon tiyata a Afirka, da mujallar Lancet ta wallafa a 2018 da fom aka yi shi: asibitoci a ƙasashen Afirka 25 suka bi waɗanda aka yi wa tiyata cikin mako guda, mutum sama da 11,000. Da aka ware masu CS, wato tiyatar haihuwa, sai aka ga mace-macensu ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Saukar jini (faɗuwar awon hawan jini) bayan allurar baya mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa abu ne da duk mai ba da maganin kashe zafi ke gani kusan kullum, shi ya sa ya dace da mai son fara bincike.

Fara da tsayar da ma'anar "jini ya sauka". Nan ne yawancin ayyuka ke lalacewa tun kafin a ɗauki mace ta farko. Wani ya ce idan lambar sama ta awon hawan jini ta gaza 90, wani ya ce 100, wani kuma ya ce sai ta gaza kashi 80 cikin 100 na awonta na asali. Ɗauki macen da ta shigo da 130. Bayan allura ta koma 100. A ma'anar farko lafiyarta ƙalau, a ta uku kuwa jininta ya sauka, domin iyakarta 104 ce. Mace ɗaya, hukunci biyu. Matsayar da ƙwararru na duniya suka fitar a 2018 ta ce a riƙe lambar sama a kashi 90 na asali ko fiye, kada a bari ta gaza kashi 80. Bin wannan ya fi, domin zai ba ka damar kwatanta sakamakonka da na wasu. Rubuta shi a tsarin binciken, kuma kada ka sauya bayan ka ga alƙaluma.

Awon asali. Kada ka dogara da awon da aka yi tana kan gadon tiyata, tsoro ya kama ta, don zai fito sama da na gaskiya. A auna sau uku tana kwance cikin natsuwa, a ɗauki matsakaici. Duba maɗaurin hannu na na'urar awon jini: ƙarami a kan damtse mai kauri yana ƙara lamba.

Mata nawa? Idan ba ka da wani ƙiyasi daga asibitinku, ɗauka rabi za su samu matsalar. Da tazarar kuskure ta kashi 10, mata 96 kake buƙata. Da kashi 5, 384. Ƙara kashi 10 saboda fom ɗin da za su lalace. A ɗauki duk wadda ta cika sharaɗi bi da bi, har da na dare da na ƙarshen mako. Masu hawan jinin ciki a ware su ko a lissafa su daban, domin jininsu bai cika faɗuwa kamar na sauran ba.

Izini. Ko da ba ka sauya komai a maganin ba, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya amince. A Najeriya hukumar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, ce ke sa ido a kan waɗannan kwamitoci. A fassara takardar amincewa zuwa harshen da matar ke ji, a karanta mata a ɗakin kwanciya tun kafin a gangaro da ita. Wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa a gaban shaida. Sa hannun miji ba ya maye nata. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, saboda haka kalmar "bincike" kaɗai kan sa dangi su ɗaga gira. A faɗa mata ƙarara cewa ko ta ƙi, kulawarta ba za ta ragu ba.

Fom shafi ɗaya. Lamba a madadin suna, shekaru, tsawo, nauyi, tiyatar gaggawa ce ko ta shiri, yawan bupivacaine, maganin allurar bayan, da miligiram (mil 2 na mai kashi 0.5 miligiram 10 ne), a zaune aka yi allurar ko a kwance, inda mutuwar jikin ta kai, ruwan da aka ƙara, an karkata ta hagu ko a'a, tashin zuciya da amai, da duk maganin ɗaga jini, ephedrine ko phenylephrine, da aka ba ta. A saita na'ura tana awo duk minti ɗaya har a ciro jariri. Lallai a rubuta lokacin ba da oxytocin, maganin matse mahaifa, domin shi kansa yana saukar da jini, sai a ɗora wa allurar baya laifin da ba nata ba.

Mai cike fom ya zama daban da mai kula da matar. Idan jini ya faɗi, magani ake ba ta nan take, rubutu ya biyo baya.

Gwada fom ɗin a kan mata 10 tukuna. Nan za ka gano agogon bango da na na'ura sun saɓa da minti shida, ko an ɗaura maɗauri a hannun da ake ƙarin ruwa, ko wani yana mayar da 87 ta zama 90. Agogo ɗaya za a bi. A kwafe awon da na'ura ta adana kafin a kashe ta ko a ɗauke wuta.

Wajen lissafi, ka faɗi kashi nawa jininsu ya sauka tare da tazarar tabbaci ta kashi 95, ka bi ƙa'idar STROBE, wadda aka tsara don irin wannan binciken na lura, wajen rubuta rahoto. Gurbin da aka rasa awo a bar shi fayau, a ƙirga guraben, a bayyana adadinsu a teburin farko.