Kurakuran da aka fi yi da kalmar "procure"

Masu rubuta wasiƙun ofis da takardun neman aiki suna son kalmar "procure" saboda tana da kwarjini, ba kamar "get" ko "buy" da ke bakin kowa ba. Ma'anarta samo abu, amma samun da aka yi wa ɗawainiya: an nema, an bi matakai, ko an sha wuya kafin abin ya zo hannu. Asalinta daga Latin ne, "procurare", wato kula da wani al'amari a madadin wani, ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa ta a cefanen yau da kullum. Wani zai rubuta "I procured bread and sugar this morning". Nahawun bai karye ba, amma mai karatu zai ji kamar ka sa babbar riga da rawani don zuwa ɗebo ruwa. "Bought" ta wadatar. Gidan "procure" shi ne inda hukuma ko kamfani ke sayen kaya bisa tsari: "The ministry procured fertiliser for farmers". A nan ba biyan kuɗi kawai ake nufi ba, har da tantance buƙata, tallata kwangila, karɓar tayin 'yan kwangila, zaɓen wanda ya cancanta da karɓar kaya. Shi ya sa dokar sayen kayan gwamnatin tarayya a Najeriya ta shekarar 2007 ake kiranta Public Procurement Act, kuma ita ta kafa hukumar da ke sa ido kan wannan saye, wato Bureau of Public Procurement.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne na takardun shaida. Matashi ya yi shekara huɗu yana fama da lacca da jarrabawa, sai ya rubuta wa mai ɗaukar aiki "I procured my degree in 2019". Shi a ganinsa ya burge. Amma a kunnen wanda ya san Turanci, jimlar tana warin an bi ta bayan fage, domin a irin wannan wuri an fi jin kalmar tare da jabun kaya: "procured a forged certificate", "procured false witnesses". Digirin da ka yi wa gumi, ka ce "obtained" ko "earned". Ilimi da ƙwarewa kuma "acquire" ko "gain" ake cewa. Ciwo ba a "procure" ɗinsa sam. Zazzaɓin cizon sauro "contract" ko "catch" ne, tunda ba wanda ya fita nemansa.

Sai "procurer". Da yake "teach" ta ba da "teacher", mutum sai ya ɗauka mai sayo wa kamfani kaya shi ne "procurer", har ya sa a CV. Ka buɗe ƙamus ka gani: cikin ma'anonin da aka fi sanin kalmar da su akwai kawali. Sunan aikin "procurement officer" ne ko "procurement manager". A harshen shari'a ma kalmar tana da wata fuska: sashe na 7 na Criminal Code, ɗaya daga cikin dokokin hukunta laifuka a Najeriya, ya ce wanda ya "counsels or procures" wani ya aikata laifi, wato wanda ya ba da shawara ko ya sa aka yi, shi ma ana ɗaukarsa mai laifin.

Ta fuskar ginin jimla, abin da aka samo shi ke bin kalmar kai tsaye. "We procured for drugs" kuskure ne, ɗan'uwan "we requested for" da ya zama ruwan dare a ofisoshinmu. Daidai shi ne "We procured drugs for the clinic from a supplier in Kano": "for" na wanda aka samo wa, "from" na inda aka samo. Idan za a ƙara "-ing", harafin "e" na faɗuwa, ya zama "procuring". Wajen furuci kuwa, a danna gaɓa ta biyu, wadda ake faɗa kamar "cure" ta warkarwa.