Darasi na 9: Sane da ɗauke-ɗauke a kasuwa

Ranar Litinin da Juma'a babbar kasuwar Maraɗi kan cika maƙil. Mutanen ƙauye sun shigo da hatsi, fatake sun iso daga Ɗan Isa da Jibiya, ƴan kabu-kabu na kutsawa tsakanin jama'a. Irin wannan cunkoso ɗan sane ke jira, kuma da wuya ya fito shi kaɗai. Ɗaya zai bangaje ka ya ce, "Gafara, Alhaji," kafin ka juyo ɗayan ya zare waya daga aljihun gefe. A kanti kuwa, wani ne zai tsare ka da ciniki, ya sa ka sauko da kayan da ke sama, abokinsa na cusa sabulu cikin riga.

Me ke jefa yaro cikin wannan? Akwai yunwa, musamman idan damina ta yi gardama, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Akwai zaman banza, akwai tramol da shalisho, waɗanda kullum sai an nemo kuɗinsu. Amma wanda aka fi mantawa da shi shi ne ɓarawon zaune. Yaron da ya fizge waya ya san inda zai kai ta kafin la'asar. Duk wanda ya sayi wayar jika 40 a kan jika 8, ba kwali ba takarda, ya san abin da ya saya, kuma doka na hukunta mai karɓar kayan sata.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada ka fito da damin kuɗi don sayen goro. Raba su biyu: canji a aljihun waje, sauran a aljihun ciki. Hajiya, riƙe jaka ta gaba, ba ta gefen titi ba. Mai kanti ya matso da ƙananan kaya masu tsada kusa da mazauninsa. Yau ɗin nan ku danna *#06# a wayarku. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito. Ku rubuta ta a littafi ku aje a gida, don ita ce shaidar wayar a komisariya.

To, in an kama ɓarawon fa? Nan ne muka fi yin kuskure. Da an yi ihun "ɓarawo!" sai kowa ya ɗauko ice da dutse, har wanda bai san abin da aka sace ba. Sau nawa aka jibgi mai gudun tsoro, ɓarawon na tsaye cikin masu duka? In rai ya fita, masu dukan ne za su amsa a gaban alƙali. Ku riƙe shi, ku karɓi kayan a gaban shaidu biyu, ku kira ƴan sanda a lamba 17. In ƙaramin yaro ne, a nemo iyayensa da mai unguwa. Doka ma ta ware wa yara alƙalinsu. In kuwa ya zaro wuƙa, sakar masa wayar, ka riƙe kamanninsa da hanyar da ya bi.

Aikin gida

Ana ɗauke wa mai tebur sabulu 2 kullum, kowane ɗaya dala 50. Jika nawa ya rasa cikin kwana 30?

Rubuta layi uku da za ka faɗa a komisariya: abin da aka sace, wurin, da lokacin.