Yadda na gyara haruffan ƙ, ɗ da ɓ a shafin sakamakon jarrabawa

Shafin sakamakon jarrabawa na wata makaranta a unguwar Pantami da ke Gombe yana ɓata duk sunan da ke da harafi mai lanƙwasa, har Ɗanladi ya riƙa fitowa "?anladi" a takardar da iyaye ke karɓa. Abin ya dame ni, domin sunan yaro ba abin wasa ba ne.

Na fara da HTML, wato harshen da ake gina shafukan intanet da shi, na tabbatar an ayyana UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta wanda ya san ƙ, ɗ da ɓ, a saman kowane shafi, tunda ƙa'ida ta buƙaci a sa shi cikin bayit 1024 na farko, wato tun farkon fayil ɗin. Wannan bai wadatar ba. Tushen matsalar yana cikin rumbun bayanai na MySQL, inda ake adana sunayen, wanda aka kafa a kan latin1, tsarin haruffan da MySQL ke zuwa da shi kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, kuma latin1 bai san ƙ, ɗ ko ɓ ba, sai ya sa alamar tambaya a madadinsu. Na ajiye kwafin rumbun tukuna, sannan na mayar da teburan da bayanan ke ciki zuwa utf8mb4, wato cikakken UTF-8 a MySQL.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne, an maimaita layukan haɗawa da rumbun a cikin fayiloli da dama, kowanne da nasa saitin. Na tattara su a fayil guda mai suna bayyananne, na rubuta gajeren bayani kan dalilin zaɓen utf8mb4, domin wanda zai karɓi aikin bayana ya gyara wuri ɗaya kawai. Sunayen da suka riga suka lalace kuwa ba sa dawowa, don haka muka sake shigar da su daga rajistar makarantar.